Yadda zaka fita daga bashi ba tare da ka ci wani bashin ba

Akwai lokacin da in wayata tayi ƙara sai gabana ya faɗi tun kafin in duba sunan mai kira, saboda na san cikin kira biyar uku na masu bina ne, kuma abin haushin shine da zaka tsayar dani a lokacin kace nawa ne gaba ɗaya ake binka, wallahi bazan iya faɗa maka ba. Na san ana bina da yawa, shikenan. Mafi yawan masu bashi haka suke, suna ɗauke da nauyin abin a zuci amma basu san adadinsa ba, kuma muddin baka san adadin ba to shi yake juyaka ba kai kake juya shi ba. Hausawa sunce bashi hanji ne yana cikin kowa, gaskiya ne, amma ai ba kowa hanjinsa ke murɗa masa da daddare ba.

Abinda zan rubuta anan hanyar da nabi ce, da ɗan abinda na koya daga baya. Lambobin da zan kawo misali ne kawai, ko wane irin kuɗi kake kashewa lissafin bai canzawa. Kuma 'yar'uwa in kinga ina cewa "ka" to har dake nake.

Mataki na farko: ka zauna ka rubuta duka

Ka samu biro da littafi, ba bayan ambulan ba, littafi sosai wanda zai daɗe a hannunka. Kowane bashi ka bashi layinsa: sunan mai bin, nawa ka karɓa, nawa ya rage yau, akwai ruwa ko babu, in akwai kashi nawa ne kuma a sati ne ko a wata ko a shekara, nawa ake so ka riƙa biya, wace rana ce ranar biya, sannan me zai faru in baka biya ba. Wannan na ƙarshen mutane na tsallake shi alhali shine zai nuna maka wanda yafi haɗari.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Har ɗan abinda ka ranta wajen aboki kace "gobe zan turo" shekara ta zagayo, har kayan da ka ɗauka kana biya kaɗan kaɗan, har kuɗin hayan da ya taru, har kuɗin da aka baka ajiya ka taɓa, duka ka sa. Wanda baka da tabbacin adadinsa ka kira ka tambaya, ko ka shiga manhajar bada rancen da ke wayarka ka duba, ko ka nemi banki su baka takardar bayanin asusu. Sai ka haɗa jimilla a ƙasa ka ja layi biyu.

Lambar zata baka tsoro, nima ta bani. Amma da mamaki daren ranar nafi yin barci, don kafin nan abin a kaina kamar bashi da iyaka yake, da na ganshi a takarda sai ya zama lamba mai farko da ƙarshe. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, akan rubuta bashi take magana.

Mataki na biyu: ka rufe famfo

Ba a kwashe ruwa daga ɗaki famfo na zuba. Daga yau babu sabon bashi, kuma wanda yafi kashe mutane shine cin bashi don a biya bashi, ka ranta a manhaja ta biyu ka toshe ta farko, sati biyu ka ranta a ta uku ka toshe ta biyu, kowane zagaye akwai kuɗin da ake yankewa, to kaga ramin ƙara zurfi yake kai kuma kana jin kamar kana ƙoƙari. Ka goge saƙonnin "an ƙara maka adadin da zaka iya ranta", wannan ba karramawa bace talla ce. In kana da katin da ake kashe kuɗin banki dashi a biya daga baya, ka cire shi daga aljihu ka cire lambarsa daga wayarka.

Sai caca. Duk wanda bashi ya matse sai zuciya ta fara raya masa cewa wasa ɗaya in ya ci shikenan ya huce. Kamfanin caca da lissafi aka gina shi, an tsara shi yadda in aka haɗa duk masu bugawa shine zai ci riba, in ba haka ba da tuni ya rufe. Haka masu cewa kawo kuɗinka a ninka maka. A 1920 a birnin Boston na Amurka wani mai suna Charles Ponzi yayi wa mutane alƙawarin ribar kashi 50 cikin kwana 45, ashe kuɗin sababbin shiga yake ɗauka yana biyan na farko, cikin shekarar abin ya ruguje, har yau da sunansa ake kiran irin wannan damfarar. Wani ɗan kasuwar hannun jari a Amurka mai suna Bernie Madoff ma haka yayi shekara da shekaru har asiri ya tonu a 2008, aka yanke masa ɗaurin shekara 150. Shekara ɗari kenan salon bai canza ba, suna da manhaja kawai ake canzawa. Mai bashi kuwa shine naman da suka fi so saboda yana cikin gaggawa.

Mataki na uku: ka gane yadda ruwa yake cinka

Anan zan ɗan daɗe saboda anan yawancinmu muke faɗawa. In ance maka "kashi 5 ne kacal" tambaya ta farko itace, a wane tsawon lokaci? Kashi 5 a wata in baka biya ba yana hawa kan kansa, ruwa na haifar ruwa, a shekara ya kusa kashi 80. Kashi 10 a wata a shekara ya haura kashi 200. Kashi 1 a rana da kake gani kamar ba komai ba, ko ba a ɗora ruwa kan ruwa ba kashi 365 ne a shekara.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta lamba 72, tsohuwa ce don tun 1494 wani masanin lissafi ɗan Italiya Luca Pacioli ya ambace ta. Ka raba 72 da kason ruwan, abinda ya baka shine kusan lokacin da bashin zai ninka in ka barshi. Ruwa kashi 3 a wata, wata 24 ya ninka. Kashi 15 a wata, wajen wata 5 kacal. Ka gwada da naka yanzun nan a kalkuletar waya.

Ga wani lissafin da ya buɗe min ido. A ce ana binka 100,000 da ruwa kashi 5 a wata. Ruwan wata ɗaya 5,000 kenan. In kana biyan 5,000 duk wata, ko shekara goma zakayi uwar kuɗin na nan daram ba ta motsa ba, haya kawai kake biya akan bashin. In ka biya 6,000 zaka gama a wajen wata 37 kuma jimillar abinda zaka biya ya kai wajen 220,000. In ka daure ka biya 10,000, cikin wata 15 ka gama, jimilla wajen 142,000. Ka duba da kyau, ƙarin 4,000 a wata ya rage maka kusan shekara biyu da kusan 80,000. Shi yasa mafi ƙarancin abinda suke cewa ka biya ba don tausayinka aka sa shi ba, don ka daɗe ne.

Wayo biyu kuma da ake yi. Na ɗaya ruwan da ake lissafawa kan asalin kuɗin har ƙarshe ko da ka biya rabi. Ka ranci 120,000 na wata 12 ance kashi 2 a wata, zasu ce ruwa 2,400 duk wata, ka riƙa biyan 12,400. Amma ai a wata na goma sha ɗaya ba 120,000 ke hannunka ba, saura kaɗan ne, su kuma suna cajinka kamar baka biya ko sisi ba, in aka lissafa kan abinda ya rage da gaske ruwan ya kusa kashi 3.5. Na biyu kuɗin da ake yankewa tun farko da sunan kuɗin aiki ko inshora. Ka nemi 10,000 na sati biyu a turo maka 8,500 ace ka maido 10,000, su zasu ce kashi 15 ne, amma kai 8,500 ka karɓa don haka ya haura kashi 17 cikin kwana 14, in ka miƙa shi shekara ya wuce kashi 450. Ko a dokokin sarki Hammurabi na Babila, kusan shekara 3,800 da suka wuce, an ƙayyade ruwan bashin azurfa a kashi 20, mu kuma a zamanin wayar hannu muna danna "na yarda" akan 450 ba tare da mun karanta ba. Wanda addininsa ya hana shi riba dama yana da dalili biyu na gudu, wanda bai damu da wannan ba lissafin kaɗai ya ishe shi.

Don haka a gefen kowane bashi a littafinka ka maida ruwan zuwa na wata, duka su zama ma'auni ɗaya, sannan zaka iya kwatanta su.

Mataki na huɗu: ka bi sawun kuɗinka na kwana 30

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma fa sai in yana kallon rufin. Wata ɗaya cur ka rubuta duk abinda ya fita daga hannunka, komai ƙanƙantarsa, kuɗin mota, data, katin waya, cajin transfa, abinda ka miƙa wa wani a hanya. Kar ka canza halinka a wannan watan, so ake a ga gaskiya. Kuma ka rubuta a ranar, in ka bari sai ƙarshen sati ƙwaƙwalwa zata yi maka kwaskwarima.

Ni da nayi nawa ba manyan abubuwa ne suka bani kunya ba, ƙanana ne masu maimaituwa, da wasu rajistoci da nayi a intanet na manta suna cirar kuɗi duk wata. Ƙarshen wata ka kasa abin gida uku: wanda in ba a yi ba rayuwa zata tsaya (muhalli, abinci, magani, kuɗin zuwa aiki, makarantar yara), wanda ana buƙata amma za a iya rage shi, da wanda son rai ne zalla. Ka cire na farko da ragaggen na biyu daga abinda ke shigo maka, ragowar itace makaminka. Duk maganar fita daga bashi akan wannan ragowar take.

Zaka ji ana maganar tsarin 50/30/20, rabi ga buƙatu, kashi 30 ga sha'awa, kashi 20 ga ajiya da biyan bashi, Elizabeth Warren wadda daga baya ta zama sanata a Amurka ita da 'yarta suka yaɗa shi a 2005. Ba laifi a matsayin ma'auni, amma ni ban cika son a ɗora wa kowa shi ba, wanda buƙatunsa na dole ke cinye kashi 80 na samunsa in ka bashi wannan sai ya ga kamar shi ya gaza ya watsar da komai. Kuma mai bashi mai ruwa bashi da hurumin kashi 30 na sha'awa, na ɗan lokaci dai. Ka bar wa kanka ɗan abu kaɗan na jin daɗi don kar ka fashe a wata na biyu, sauran ya tafi bashi.

In samunka ba albashi bane, wata yayi kyau wata yayi tsami, ka duba wata shida da suka wuce ka ɗauki mafi muni ka gina tsarinka akansa. Abinda ya hau kai a wata mai kyau kar ka ɗauke shi kyauta daga sama, rabi ya tafi bashi rabi ya jira wata mai tsami. In kuma kana sana'a ka raba kuɗin sana'a da na gida, ko da ambulan biyu ne, ka yanka wa kanka albashi, don da yawa bashin da suke ciki daga cin jari ya faro ba tare da sun lura ba.

To in ka lissafa ka ga babu ragowa, ko ma ya tafi ƙasa da sifili fa? Rage kashewa yana da iyaka, ba zaka rage abinci ya koma babu ba. Nan sai a juya ɗaya ɓangaren: abinda zaka sayar da abinda zaka ƙara samu. Wayar da tafi ƙarfinka, kayan da shekara guda baka taɓa su ba, ka sayar ka zuba wa bashi mai ruwa kai tsaye ranar da kuɗin suka shigo, kar su kwana. Amma kar ka sayar da abinda kake neman abinci dashi, wannan yanke reshen da kake kai ne.

Mataki na biyar: ɗan abin ko-ta-kwana

Zai yi kama da wauta ace mai bashi ya ajiye kuɗi, amma ka tuna yadda akasarin bashin ya faro, rashin lafiya ce ko wani abu ya lalace babu ko sisi a gefe. In ka zuba komai a bashi ranar da irin haka ta sake faruwa manhajar nan zaka koma. Ka tara ɗan abu, ko da na kashewar sati biyu ne, ka sa shi inda hannunka bazai kai da sauƙi ba amma zaka iya ciro shi cikin yini guda. Ba na biki bane, ba na "naga wani abu da araha" bane.

Mataki na shida: wa za a fara biya?

Kafin maganar dabaru, akwai basukan da suke gaba da kowa ko da basu da ruwa: wanda in baka biya ba za a fitar da kai daga gida, ko a ƙwace abin sana'arka da ka bada jingina, ko a kai ka kotu, sai kuma amanar wani da ka taɓa. Waɗannan a fara kashe wutarsu.

Sauran kuma ƙa'idar ɗaya ce, kowa ka bashi mafi ƙarancin abinda zai hana a ɗora maka tara, sannan duk ragowar ka tattara ta kan guda ɗaya har ya mutu. Kar ka watsa ta ko'ina, in ka raba wa mutum biyar kaɗan kaɗan wata shida zaka ga babu wanda ya fita daga littafin, gwiwarka tayi sanyi. Da guda ya mutu, abinda kake bashi gaba ɗaya ka ɗora kan na biyu, haka kuɗin biyan ke ƙara kauri duk da samunka bai ƙaru ba.

Wanne za a fara kashewa, nan ne ake da ra'ayi biyu. Wasu sunce mafi ƙanƙanta, don ka ga nasara da wuri ka samu ƙarfin gwiwa. Wasu sunce mafi tsadar ruwa, don shine lissafi ya nuna zai rage maka asara. A ce kana da huɗu: 20,000 na abokin aiki babu ruwa, 30,000 na manhaja kashi 15 a wata, 50,000 na kayan da ka ɗauka kashi 4, da 200,000 na banki kashi 3. Ido zai tafi kan na bankin don shine babba. Amma duk 1,000 da ka zuba wa na manhaja ta hana 150 hawa kanka duk wata, wadda ka zuba wa banki 30 kawai ta hana. Kaga babu gardama, na manhaja ne farko. Ra'ayina shine in tazarar ruwan tana da faɗi irin haka ka bi mai tsada, in kuma duk kusan ɗaya suke ka bi ƙaramin, don ganin ka ja layi ka soke suna guda a littafi yana da wani daɗi da kalkuleta bata san dashi ba.

Sai dai ina da gyara akan abokin aikin nan. Lissafi zai ce ka barshi ƙarshe tunda bashi da ruwa, kuma wannan shine zaluncin da muke yi, wanda ya tausaya mana shi muke jinkirtawa, wanda ya matse mu shi muke biya. Bashinsa yana da ruwa, sai dai ba na kuɗi bane, mutuncinka ne ke zuba duk wata. Ko 2,000 ce ka riƙa tura masa a rana ɗaya tsayayya ba sai ya tambaya ba.

Mataki na bakwai: ka daina ɓuya, ka kira su

Wannan yafi kowanne wuya, ni sai da nayi kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Amma ka sa kanka a matsayin mai bin, abinda yafi ƙona masa rai ba jinkirin bane, kashe waya ne da canza hanya in an hango shi. Kai ka riga shi kira. Ba sai kayi dogon labari ba, wani abu kamar haka ya isa:

"Salamu alaikum Yaya. Kuɗinka 20,000 suna raina ban manta ba, kuma na san na saɓa alƙawari, kayi haƙuri. Bazan iya kawo su a dunƙule ba, amma zan riƙa turo 4,000 duk ranar 28 ga wata har wata biyar. Ga na farko nan na turo yanzu."

Ka lura da abu uku a ciki, adadi, rana, da kuɗin farko a hannu. Kuma kar ka faɗi abinda bazaka iya ba don kunya, gara kace 4,000 ka cika da kace 10,000 ka sake ɓata, alƙawari na biyu in ya karye da wuya a saurari na uku.

Banki da kamfanoni ma ana magana dasu, mutane basu sani bane. Kaje tun kafin ranar biya ta wuce, ka nemi a sake tsara maka biyan, ko a yafe tarar jinkiri, ko a dakatar da ruwa na ɗan lokaci, ko in ka samu kuɗi a dunƙule ka tambaya nawa zasu karɓa a rufe asusun. Ba kullum suke yarda ba amma su ma sun fi son a biya su a hankali da su rasa gaba ɗaya. In sun ƙara maka tsawon lokaci ka tambayi jimillar da zaka biya har ƙarshe, don biyan wata yana raguwa jimilla na ƙaruwa. Duk abinda aka amince a rubuta, saƙo ko takarda mai sa hannu, maganar baki ta ma'aikacin da gobe za a canza masa wajen aiki bata da amfani. Kowane biya ka ajiye rasit ko ka ɗauki hoton alat.

Masu barazana kuma, irin manhajojin da ke tura wa mutanen cikin wayarka saƙon cin mutunci, ka sani bashi daban tozarci daban. Tun 2023 Google ya hana manhajojin bada rance da ke Play Store shiga lambobin mutane da hotunan cikin waya. Ka shiga saitin wayarka ka cire musu wannan izinin, ka adana hoton duk saƙon barazana, ka kai ƙara wajen hukumar da ke kula da masu bada rance ko kare haƙƙin masu sayayya a ƙasarka. Abinda ka ci da gaske ka biya, amma kar tsoro yasa ka ranto wani don ka rufe bakinsu.

Maganar haɗe basuka waje ɗaya, wato ka karɓi babba guda ka biya ƙananan, tana aiki ne kawai in ruwan sabon ya yi ƙasa da gaske bayan an haɗa duk caji, kuma ka rufe tsofaffin ƙofofin. In ba haka ba bayan wata shida zaka wayi gari da babban da kuma sababbin ƙanana.

Mutanen gida

In kana da iyali kar ka yi wannan yaƙin a ɓoye. Kana ta matse hannu ita bata san dalili ba, zata ɗauka rowa ce ko wani waje kuɗin ke tafiya, haka ke ma in kece mai bashin. Ka buɗe littafin ku gani tare, ranar zata yi zafi amma daga nan ku biyu ne. Masu neman taimako kuma, bance ka rufe hannu ba, ka ware adadi a wata, in ya ƙare ya ƙare, "wallahi wannan watan bani da hali" ba zagi bane. Ranto kuɗi mai ruwa don kar ace ka gaza, wanda ka yi don shi ba zai tayaka biya ba. Kuma muddin kana cikin bashi kar ka tsaya wa kowa, sa hannu a matsayin mai tsayawa ma'anarsa in bai biya ba kai zaka biya, ba shaida kawai kake ba kamar yadda ake faɗa maka lokacin da ake miƙo biron.

Ranar da kuɗi suka shigo

Tsarin duka yana rayuwa ko ya mutu ne a awa 24 na farko bayan alat. Ranar ka biya bashi, ka ware na dole, sannan ka rayu da sauran. In ka ce sai ƙarshen wata ka ga abinda ya rage, babu abinda zai rage, ban taɓa ganin ya rage ba. In bankinka na da tsarin cirewa da kansa a ranar da ka sa, ka saita shi kwana ɗaya bayan ranar albashi. Na cefane da zirga-zirga ka kasa shi sati sati, don wanda ya riƙe na wata guda a hannu sati biyun farko sarki ne sati biyun ƙarshe mai neman rance. Sayayyar da ba ta dole ba ka bata kwana biyu, in har bayan kwana biyu tana ranka kuma akwai kuɗinta a kason sha'awa, ka saya ba tare da jin laifi ba.

Sau ɗaya a wata ka buɗe littafin ka sabunta lambobin ka sake haɗa jimilla. Akwai watan da zaka zame, wani abu zai taso ka kasa cika abinda ka tsara, ka sanar da wanda abin ya shafa kafin ranar, wata mai zuwa ka ɗora daga inda ka tsaya.

In ka biya na ƙarshe kar ka tashi haka nan, ka nemi shaidar cewa an rufe, takarda daga banki ko saƙo daga mai bin, in ka bada jingina ka karɓo kayanka da takardunka, in ƙasarku na da hukumar da ke ajiye tarihin masu cin bashi ka duba ko an gyara sunanka don wani lokacin sai an bi. Sannan adadin nan da ka saba biya duk wata kar ka barshi ya narke cikin kashewa, ka riga ka saba rayuwa babu shi, a wannan ranar dai ta wata ka juya shi zuwa asusun ko-ta-kwana har ya kai kashewar wata uku, in samunka mai hawa da sauka ne ka kai shi wata shida.